Lambar Gwajin da Ɗana Bai Cire Ba

Matso kusa, mai karatu, in faɗa maka abin da ko maƙwabtana ban faɗa wa ba. Shekara shida ke nan da rasuwar ɗana. Ɗan fari ne, yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a jarida zan fara ba.

Aikin kwamfuta yake yi wa ƙananan asibitocinmu, daga Tambuwal har Kebbe. Da, sai ƙarshen wata ake kwaso takardu a kan babur. Shi ya haɗa abin da ko haihuwa aka yi, ko majinyaci aka kawo, nan take saƙo zai fita. Na ce ban gane ba. Ya ce, "Inna, kamar ban-ruwan lambu na. Ruwa na gudu hanya guda, kowa shi buɗe ma fangalinshi, likita shi ɗiba, mai magani shi ɗiba. Kuma wuri ukku aka aje kowane saƙo, ko inji guda ya mutu ba shi ɓacewa." Ya sa lambata don gwaji, wai sati guda zai cire.

Saƙon ba ya zuwa da suna. Ran nan ina tankaɗe, waya ta yi ƙara: mutum ɗaya, haɗarin babur, Kebbe. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da tankaɗena. Sai bayan la'asar masu ta'aziyya suka shigo. Ashe ɗana ne.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Tun ranar, ko tuwo nake tuƙawa, in wayar ta yi ƙara sai na saki muciya. Ba na zuwa inda babu sabis. Jikokina na Dogon Daji, na kasa kwana wurinsu. Da ɗana zai leƙo yau, zai ji daɗi ruwansa bai daina gudu ba, amma na san zai ce, "Haba Inna, gwaji fa nic ce."

Shekaranjiya abokin aikinsa ya zo, ya durƙusa. "Inna, muna share lambobin gwaji. In cire taki?" Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

In an cire, igiya ta tsinke, na huta. Amma gida ya yi shiru ke nan, don ƙarar nan ita kaɗai ta rage da hannunsa ya ɗaura mini. Jiya ma tagwaye ta kawo mini daga Kebbe, na yi musu addu'a ban san uwarsu ba.

Kai da ka saurare ni, in kai ne, me za ka ce masa ran Juma'a?