Tokar Kaka a Jikin Rumbu

Jiya ɗiyata mai karatun likita take gaya mini cewa in ƙwayar gado ta samu lahani, jiki kan liƙa wa wasu furotin alama don masu gyara su taru a wurin.

Sai na tuna kakana a Gangara, shekarar babban fari. Kowace safiya yakan zagaya rumbun iri, ya shafa toka duk inda ya tsage, kawunnaina su bi da laka. Hannunsa kullum fari fat.

Na ce, "Kaka, muna fama da yunwa, kana ta bango?"

Ya ce, "Yunwar bana ta bana ce. In gara ta ci iri, ta ci baɗi."

Geron gonata jikan wannan irin ne. Allah ya jiƙan Kaka, ya tsare zuriyarsa yadda shi ma ya tsare rumbun nan.