Merle, Mai Kashe Shugaba Kullum

Merle Tackett ya baro ƙauyensu a tsaunukan Kentucky yana saurayi, ya zo Washington da burin zama ɗan wasan kwaikwayo. Har furfura ta fara leƙo masa burin bai cika ba. Abin da ya samu shi ne aiki wurin Denise, wata mata mai zagayawa da baƙi a ƙafa. Takan nuna musu gidan wasan da aka harbi shugaban ƙasa tun zamanin kakanni, da gidan tsallaken titi inda ya cika, da lungun da makashin ya bi ya tsere. Don gashin bakinsa mai kama da na makashin ta ɗauke shi. Aikinsa shi ne ya laɓe a lungun nan cikin tsohuwar kwat, in ayari ya iso ya fito a matsayin makashin, yana ɗingishi, riƙe da bindigar roba, yara su yi masa ihu, manya su ɗauki hoto.

A waya kuwa yakan ce wa mahaifiyarsa Opal, "Mama, a gidan wasa nake aiki." Bai taɓa cewa a bayan gidan ne ba.

Wata Asabar da rana ya ji muryar Denise tana matsowa. Ya gyara hula, ya daka tsalle ya fito yana zare ido. Sai ya yi turus. A sahun gaba ga tsofaffi uku da hulunan zuwa coci: mahaifiyarsa, da ƙanwarta Inna Verna, da matar fasto. Ashe motar coci suka biyo don su zo masa ba zata. Sun tambaya a ƙofar gidan wasan, ba wanda ya san sunansa, shi ne suka shiga yawon kafin su sake nemansa.

Denise ta yi ƙasa da murya. "Merle, gudu mana! Me ka tsaya kallo?"

Wani yaro ya ƙwala ihu, "Mugu! Matsoraci!"

Opal ta juya. "Kai, kama bakinka. Ɗana ne."

Jama'a suka tuntsire da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Wani ma ya ce ta matsa kusa da ɗan nata a ɗauke su hoto tare. Merle ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ja ƙafa ya ƙarasa ɗingishinsa har ƙarshen lungu, ya zauna bayan durom ɗin shara.

Da aka watse ya kai su wani gidan abinci. Matar fasto ta ƙura wa farantinta ido. Inna Verna kuwa bakinta ba ya shiru.

"To, mun ga gidan wasa," in ji ta. "Har bayansa mun gani."

"Verna," in ji Opal. Sannan ta dubi ɗanta. "Ɗingishin nan na wasa ne ko na gaske?"

"Na wasa ne, Mama."

"Mun gode Allah. Ci kazarka, tana hucewa."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta tura masa kwandon burodi. Har suka hau mota da la'asar ba ta bar shi ya faɗi komai ba. Da faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Merle bai bar aikin ba, don ba shi da wani. Duk Lahadi Opal na kiransa, ta tambayi sanyi, ta tambayi me ya ci, amma ba ta ƙara ambaton gidan wasa ba. Daga baya Inna Verna ta shaida masa a waya cewa in matan coci suka tambaya, mahaifiyarsa takan ɗaga kai ta ce, "Merle tarihi yake koyarwa a babban birni."

Ya ajiye wayar, ya daɗe zaune a bakin gado. Ranar ko abinci bai iya ci ba.