Masarar Malam Gide a Ƙarƙashin Tamfol

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sabuwa da kaka ya san Malam Gide, mutumin Mabai. Ba ya zama. Ko tabarma aka shimfiɗa masa, sai dai ya taka gefenta ya wuce wajen buhuna. Tun yana saurayi yake sayen masara a ƙauyukan Sabuwa da Faskari yana kaiwa Sakkwato, kuma dabararsa guda ce: ya riga kowa. Masara ba ta gama bushewa ba zai loda ta. A hanya, duk inda aka tsaya salla ko cin tuwo, sai ya yaye tamfol ta sha iska, ya cusa hannu tsakanin buhuna ya ji lafiyarta. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya tashi ya tarar.

To, da hanyar Tsafe ta lalace da 'yan bindiga, direbansa Ɗanlahadi, wani dogon Bamaguje mai yawan tsokana, ya ce shi kam ba ya sake bin ta. Sai dai a haura Jibiya, a ratsa ta Nijar, a faɗo Illela.

"Kayanmu ne, ƙasarmu za su koma," in ji Malam Gide. "Mi ya yi zafi? Mu tafi."

A Jibiya aka yi takardu. Sannan ma'aikacin kwastan ya zagaye tamfol da waya, ya danne bakinta da ɗan hatimin ƙarfe wanda direbobi ke ce wa sil. Ya ce kayan wucewa ne, kada a taɓa sai an sake shigowa ƙasar nan. In aka ga sil a tsinke, za a ɗauka an sauke kaya a hanya, mota da masara duk sai a riƙe.

Malam Gide ya gyaɗa kai, amma hankalinsa na wajen farashin Sakkwato.

Bayan Maraɗi layin motoci ya tsaya cik a wani shinge, rana kuwa ta buɗe. Tun kafin azahar hancin Malam Gide ya ɗauko abin da yake tsoro, wani wari mai ɗumi kamar na gasara. Ya zagaya motar. Ya sake zagayawa. Ya dafa tamfol, ya ji zafi daga ciki yake fitowa.

"Ɗanlahadi, gumi take yi."

"Ni ma gumin nike, Malam."

"Gefe ɗaya kawai zan ɗaga. Hannu kaɗai zan sa."

"Hannun nan naka shi za ya kwana da mu gun jandarma, 'yan sandan ƙasar nan. Zo ka zauna ka sha shayi."

Ina zama? Ya je wajen ma'aikacin duwan, wato kwastan na can, ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Baba, ba ni na ɗaure ba, ba ni da ikon kwancewa."

Ya dawo ya tsaya gaban sil ɗin nan, abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Ya laluba aljihu ya fiddo 'yar wuƙarsa ta yanke igiya. Ɗanlahadi bai yi wasa ba a wannan karon. Ya taso ya tsaya kusa da shi.

"Malam, masarar taka ce. Motar kuwa da ita nike ciyar da ɗiyana."

Malam Gide ya daɗe yana juya wuƙar. Can ya miƙa masa ita, ya ce, "Riƙe mini. Kada ka ba ni ko na roƙe ka."

Ya kuwa roƙa, a Ƙwanni, har da rantsuwa. Ɗanlahadi ya yi kamar kurma.

Da aka tsinke sil a Illela, tururi ne ya fara tarbar su. Buhunan gefe sun tsira. Na tsakiya kuwa sun yi fumfuna, ƙwaya ta manne da ƙwaya, ko masu kaji sun ƙi tayawa. Malam Gide ya cusa hannu har gwiwa, ya zaro, ya goge a riga.

Yanzu in ka je Sabuwa da kaka, za ka ga 'yan kasuwa sun loda sun tafi, shi yana bakin shanya. Har yau ba ya zama. Yana zagaye masarar, ya ɗauki ƙwaya ya ciza. In ba ta yi ƙas a haƙori ba, sai ya ce a ƙara baza ta, Ɗanlahadi kuma na can gindin mota yana tambaya ko bana za a tashi.