Kile Mai Mantuwa

Ku da kuka zo koyon aiki, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, har gobe in na tuna sai na sunkuyar da kai. Lokacin ina aikin kwamfuta a wani ɗan buro, wato shagon kwamfuta, kusa da tashar Ƙonni, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Abin taƙamata wani kile ne na USB. In na soka shi, daga cikinsa kwamfuta ke tashi, da manhajojinta duka, ba sai an girka komai ba. Birus, cutar nan ta kwamfuta, ba ya kama shi don ba ya riƙe komai. Da an kashe, duk abin da ka aje a fuskar kwamfuta ya tafi.

Sai ga wani direban motar siminti daga Malbaza, Malam Ila, da katin memorin wayarsa. Ya ce, "Ƙanena, birus ya shiga. Ka wanke min shi, amma akwai muryar innata ciki. Bara ta rasu." Saƙonni ne da take aiko masa daga Tajaye in yana hanya.

Na ce, "Haba yaya, wannan ai shan ruwa ne."

Ya fita duba motarsa. Na kwashe saƙonnin na aje a fuskar kwamfuta, na kunna ɗaya don gwaji, na goge katin tas. Maimakon in mayar da su nan take, sai na tsaya yi wa wani kurin kilena. Aka kira azahar. A buronmu kuwa ƙa'ida ce, da an kira salla maigida ke kashe gurup, injin da ke ba mu wuta, don tattalin mai. Ɗif!

Wallahi ban san yadda na yi alwalar nan ba. Bayan salla na tada kwamfuta, wayam. Na yi ta ƙoƙarin dawo da su daga katin har la'asar, ko ɗaya. Na faɗa masa, kunya kamar in nutse.

Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ka saurari wani ciki?"

"Ɗaya."

"Mi ta ce?"

"Ta ce ka ci abinci kafin ka kama hanya."

Ya gyaɗa kai. "Haka take cewa." Ya ɗauki katinsa ya fita.

Shi ya sa nake hana ku goge katin kowa sai kun kwafe shi wuri biyu. Mutum zai miƙo maka abin da bai kai farce ba, alhali duk abin da ya rage masa na uwarsa ke nan.