Tsoho Ya Makara

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, wata Lahadi a unguwar Harlem ba za ta fita a raina ba.

A lokacin tasi nake ja, ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Ran Lahadi da la'asar kuwa sai in rataya kalanguna, in shiga cikin wasu makaɗan jaz a wani gidan abinci kusa da titin 125. Mu huɗu ne. Babbanmu wani dattijon Ba'amurke ne mai busa saksafon, kuma ban taɓa ganin mutum mai latti irinsa ba. Ni kuwa bakina ba ya shiru, kalanguna ma haka. Da mun fara babu shi, sai in matse kalangu in sa ya ce, “Tsoho ya makara.” Can daga bakin titi sai ka ji ya amsa da busa, yana tafe yana rangaji kamar ango. Da na fassara masa kiɗan, dariya ya yi har da tari, ya ce shi ne kirari mafi gaskiya da aka taɓa yi masa.

Ashe tarin nan ba na dariya ba ne kaɗai. Aka kwantar da shi asibiti, ya aiko mai fiyanonmu ya ce in zo da kalangu in tsokane shi. Na ce gobe. Goben ta zo da jiragen Afirka cike da fasinja, na sake cewa gobe. Sati uku ina wannan sakarci.

Ranar Lahadin nan muka fara kiɗa, sai ga 'yarsa ta shigo rungume da akwatin saksafon. Ba sai ta yi magana ba, mun gane tsoho ya rasu.

Al'adar 'yan jaz ce kowa a ba shi fili ya yi nasa kiɗan shi kaɗai. Mai fiyano ya ce mu ci gaba, amma mu bar filin tsoho yadda yake. Da muka iso wurin, hannuna ya buga kiran da kansa. Duk muka juya muna kallon ƙofa, har da masu cin abinci. Babu amsa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da muka tashi 'yar ta riƙe hannuna, ta ce, “Kullum sai ya sa an bar ƙofar ɗakinsa na asibiti a buɗe, wai kada ka buga bai ji ba.”

Tun daga ranar, in aka ce aboki ba lafiya, a take nake kashe mitar tasi in tafi. Shekara biyar ina yi wa bawan Allah gorin latti, ashe ni ne zan makara.