Katin da Fumie Ba Ta Ɗaga Ba

Duk wanda ya taɓa buga kartar birij a kulob ɗinmu na Kobe a ƙasar Japan ya san dattijo Tsurumi, kuma da wuya ya ce ya ji daɗin zama da shi. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, gaskiya gare shi har ta yi masa yawa. Abokiyar wasansa tun suna da baƙin gashi ita ce matarsa Fumie, mai kawo mana dunƙulen shinkafa duk ranar gasa.

A birij biyu ke karawa da biyu, kuma ba a ɓoye-ɓoye. In abokinka ya yi tayi mai wata ma'ana da kuka shirya tsakaninku, dole ka ɗaga shuɗin kati don abokan karawa su farga. In ka manta har suka cutu, alƙali ya gyara maki ya ba su. Amma in mai tayin ne kawai ya ruɗe, ba a kama kowa da laifi.

Da girma ya zo, Fumie ta fara mantuwa. Duk mun lura muka ja bakinmu, don wasan nan kaɗai ya rage yana fito da ita daga gida.

Ranar gasar lokacin kaka suka haɗu da wasu baƙi daga Osaka. Tsurumi ya yi irin tayin nan, Fumie ta zuba masa ido, ko taɓa katin ba ta yi ba. Da aka gama, baƙin suka kira alƙaliyar wasa, Nagase, wadda ta san halin da Fumie ke ciki. Sai ta nema wa Tsurumi mafita.

"Ranka ya daɗe, ko dai kai ne ka ɗan ruɗe?"

"Ni ba na ruɗewa," in ji shi. "Shirinmu ne tun kafin a haife ki. Ita ce ta manta. Ai kullum yanzu mantawa take yi."

Fumie ta dube shi. "Kullum, Baban Sayuri?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ta miƙe ta rusuna wa baƙin, ta rusuna wa alƙaliya, ta nemi gafara. Aka ba baƙin makinsu yadda doka ta ce. Har yau abin yana ci mini rai. Ba wanda ya so ya tilasta masa ƙarya, amma kan wasa ɗaya aka tambaye shi, wa ya aike shi ƙari?

Fumie ba ta sake zuwa ba. Shi yana zuwa, a haɗa shi da duk wanda ya rasa abokin wasa. Kwanan baya na tambaye shi jikinta.

"Da sauƙi. Birij dai ta manta da shi gaba ɗaya, sunan jikokinmu ma sai na tuna mata." Ya daɗe yana jera kartarsa kafin ya ƙarasa. "Maganar nan tawa ce kawai ta ƙi fita daga ranta. Jiya muna cin abinci ta ajiye tsinkayen da take cin abincin da su ta ce da ni, wai da gaske kullum ne?"