Kukan Bindiga Mai Baki Biyu

Shekarar da rikici ya rufe mu a unguwarmu ta Kilomita Biyar, ko kasuwa sai da addu'a ake leƙawa, tatsuniyar Kaka ce kaɗai hanyar fitarmu. Da an yi magariba sai mu zagaye murhunta na gawayi, muna surutu da yaren Sango har ta daka mana tsawa mu koma Hausa.

Ran nan Kawu Sani, autanta, ya zaro bindigar marigayi kakanmu daga ƙarƙashin gado, mai baki biyu, tun ta zamanin Faransawa. Ya samo sababbin harsasai, wai gobe zai bi samarin da ke gadin bakin unguwa. Ya zauna gefe yana goge ta.

Kaka kuwa mu ta fuskanta.

"An yi wani maharbi," in ji ta, "ya gaji bindiga mai zane a jiki kamar igiyar ruwa. Irin wannan, 'ya'yan nan, albarushin gargajiya kaɗai take ci. Gogan bai leƙa cikinta ba, bai rataye bakin da zare ya ƙwanƙwasa ya ji kukanta ba. Ya ɗura mata na zamani. Ɓauna ta wuce abinta, shi ya dawo gida ba yatsu."

Kawu ya dubi tasa, ga zanen nan kuwa. Ya kwance bakin, ya rataye, ya buga masa cokali. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe ba ta mutu ba.

"Kin ji ko, Inna? Lafiyarta lau."

"Wannan ne kukan lafiya? Ni da na tsufa ina jin ta a hannun ubanka? Ta tsage ta ciki. In kana da hannun aro, bismillah."

Ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ya ci gaba da zaman gida tare da mu, yana huci, ko kallon Kaka ba ya yi. Cikin samarin nan akwai waɗanda ba su dawo ba.

Sai da na girma na san cewa tsagaggen ƙarfe ba ya dogon kuka. Gargaɗin albarushi gaskiya ne, sauran kuwa Kaka ta shirya abinta, kuma har yau ban ga laifinta ba. Bayan rasuwarta na yi wa Kawu maganar, ina tsammanin zai yi mamaki. Sai ya dubi hannuwansa.

"Ai na sani tun a daren," ya ce. "Tsoro nake ji, kuma na rasa mai hana ni."